Harshen Gwaggo Tasalla

A Dawanau ba ta taya buhu da ido.
Hannu take tsomawa har gwiwa,
ta zaro furen can ƙasa,
wanda mai kaya bai yi niyyar nunawa ba.
Ta murza, ta shinshina,
ta ɗora ɗaya a harshe, ta yi shiru.
Dillali yana ta rantsuwa, tana ta saurare,
amma ba shi take saurare ba.

"Wannan jigawa ta haife shi, wajen Maigatari,
ya sha ƙishi, shi ya sa tsaminsa ke yanka.
Wancan ɗan fadama ne,
ga jiki, ga launi, ba abin faɗi a bakinsa.
Na ukun kusa da murhu aka shanya shi.
Ku gaishe mini da matar manomin,
ƙirya take hurawa."

A gida, Yakasai, ba ta tafasa zoɓo.
Ta ce wuta ba ta tambaya, ƙwace take yi.
Jiƙa shi take, ya kwana a tulu,
ya ba da abin da ya ga dama.
Da hantsi ta tace a farin tangaran,
ta ɗaga saitin hasken ƙofa:
in ja ne fayau kamar karan dafi, yaro ne, a bar shi.
In ya yi duhun tsohuwar fatar dukawa,
to, a shimfiɗa tabarma.

Kurɓa ɗaya, ba ta haɗiyewa.
Ta bar shi ya zaga ɗakin baki
kamar baƙo mai neman wurin aje jaka.
Tsami ne ke fara sallama,
bauri ya biyo shi, ya kama dasashi,
can a ƙarshe, bayan ka cire rai,
wani ɗan zaƙi mai kunya ya leƙo daga maƙoshi.
"Shi nake jira," in ji ta.
"Sauran 'yan rakiya ne."

Kanumfari biyu, ba uku ba.
Citta gwargwadon farce.
Sukari kuwa, cewa take bargo ne:
mai abin ɓoyewa ke lulluɓa.

Ni da leda na saba,
ta bakin danja, mai ƙanƙara,
in huda da haƙori, in zuƙe kafin a ba mu hannu.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ita kwana sha ɗaya.
Ta tashi.
Hanci da harshe ba su tashi tare da ita ba.
Ta tauna citta, ta ce kamar tsumma.
Mako uku tulu yana kife.

Ran wata Laraba ta kira ni.
"Inusa, ara mini bakinka."
Na kurɓa. Na ce da daɗi.
Ta ce, "Daɗi ba magana ba ce,
akuya ma ta san daɗi. Sake."
Na sake. Na ce da tsami.
"Tsamin wa? Na tsamiya, na lemo, na nonon jiya?
Kada ka haɗiye mini shi kamar bashi."

Na rufe ido.
Babur ya wuce a lungu, mai gwanjo ya wuce,
ladanin unguwa ya gyara murya.
Ni ina nan da ruwa a baki kamar wawa.

Sai na ce, "Gwaggo, kin tuna ƙyauren ƙarfen gidan Kaka,
da nake lasa ina yaro in an ɗauke ruwa?
Shi ne. Da ƙasa kaɗan.
Daga baya kuma wani abu kamar ɗinya
da ta kwana a aljihu."

Ta daɗe tana kallon kofin.
Ta karɓa, ta kai hanci don sabo.
"Na jigawa ne," ta ce. "An tsinke shi da wuri.
Gobe ka zo da yunwa,
kuma kada ka ci goro a hanya."